Filin da aka karɓa don ruwan sha, a bar shi ga ruwan sha

A ƙauyukan Amurka da bayan garuruwanta, sau da yawa mutum zai sayi gona ya tarar da wani sharaɗi a cikin takardar filin: akwai wani zirin ƙasa mai faɗin ƙafa kaza da hukumar ruwa take da haƙƙin ratsawa. Ta binne bututunta a ciki, kuma duk ranar da gyara ya taso tana iya shigowa da motar haƙa. Filin na mai gona ne, shi ke biyan harajinsa, yana iya shuka masara ko ya saki dabbobi a kai, amma ba zai gina ɗaki a wurin ba, ba kuma zai dasa itace mai zurfin saiwa ba. Abin ya yi kama da burtali a wurinmu. An bar wa shanu hanya tsakanin gonaki don su isa mashaya, kowa ya san abin da aka bar ta dominsa, kuma da wani zai zo ya kafa rumfar fetur a tsakiyarta, babu dattijon da zai ce ai dama hanya ce, kowa ya yi yadda ya ga dama.

Ban da waɗannan hanyoyi da suka ratsa gonakin mutane, hukumomin ruwa suna da filaye nasu na kansu, wato dazuzzukan da suka kewaye madatsun ruwa da harabar manyan rijiyoyin da ake jawo wa gari ruwa daga cikinsu. Wasu saye aka yi, wasu kuma da ƙarfin doka aka karɓe su daga hannun masu su aka biya diyya, kuma hujjar da aka kafa ita ce kare ruwan da jama'a ke sha. Yanzu kamfanonin mai da iskar gas da wutar lantarki sun ɗora ido a kan waɗannan wurare, kuma dalilin a fili yake. Hanya ce miƙaƙƙiya, an riga an auna ta, an share ta, kuma mai magana a kanta ɗaya ne. Maimakon kamfani ya bi ɗaruruwan manoma gida-gida yana ciniki, wasu su ƙi, wasu su maka shi kotu, sai ya zauna da shugabannin hukuma guda a ɗaki ɗaya a gama magana.

Ra'ayina shi ne bai kamata hukumar ruwa ta sami ikon gama wannan magana ita kaɗai ba. Majalisar dokoki ce ya kamata ta ɗaure mata hannu tun kafin kamfani ya yi sallama. Abin da ya faru a jihar Arkansas shi ya tsayar da ni a kan wannan matsayi.

Ranar Juma'a 29 ga Maris, 2013, wani bututun ɗanyen mai na kamfanin ExxonMobil da ake kira Pegasus ya tsage a cikin wata unguwa a garin Mayflower, arewa da Little Rock, babban birnin jihar. Faɗin bututun inci 20 ne, an binne wannan sashe nasa tsakanin 1947 da 1948, kuma bututun ya taso daga Patoka a jihar Illinois ya nufi gaɓar teku a Texas, tafiyar sama da kilomita 1,300. Tsawon tsagar ya kai ƙafa 22. Baƙin mai mai kauri, irin wanda ake haƙowa a Kanada, ya ɓullo daga ƙasa a bayan gidaje, ya biyo ta tsakanin gida biyu, ya malale ciyawar ƙofar gida, ya hau kwalta yana gangarawa har ya faɗa magudanar unguwa. Aka kwashe mutanen gida 22. Ma'aikatan gari da na gunduma suka yi ta tara ƙasa suna datse hanyar man don kada ya isa tafkin Conway. Hukumomin tarayya sun ƙiyasta ganga 3,190 ce ta zube. Bincike ya nuna lahanin yana jikin ɗinkin bututun tun daga masana'anta, ya kwana shekara sittin da biyar a ƙarƙashin ƙasa kafin ya buɗe. Da yawa daga mazauna unguwar sun ce sai ranar suka san akwai bututun mai a bayan gidajensu.

Wannan shi ne abin da duniya ta gani a talabijin. Abin da ya hana shugabannin hukumar ruwa ta Central Arkansas Water barci daban ne. Idan aka bi bututun gaba kaɗan daga Mayflower, yana shiga yankin da ruwansa ke gangarawa tafkin Maumelle, ya yi tafiyar kusan kilomita 22 a ciki, yana bin gefen tafkin yana tsallake rafukan da ke cika shi. Tafkin Maumelle kuwa shi ne babban abin dogaron mutum kusan 400,000 a Little Rock da kewaye. Ƙarfen da ya tsage a Mayflower shi ne kwance a nan, ɗinki iri ɗaya, shekaru ɗaya. A duk wannan tazara, a wancan lokaci, makulli ɗaya ne ake iya tsayar da man da shi, shi ma da hannu ake murɗa shi, sai mutum ya tuƙa mota ya je wurin. Da tsagar ta matsa gaba da 'yan kilomita, da ba maganar gida 22 ake yi ba.

Hukumar ruwan ta fito fili ta nemi kamfanin ya ɗauke bututunsa daga yankin tafkin. Roƙo kawai take iya yi. Bututun ya riga tafkin zuwa, domin sai a ƙarshen shekarun 1950 aka gina madatsar Maumelle, kuma haƙƙin ratsawar da kamfanin ya samu tun farko yana nan daram. An dakatar da tura mai ta wannan sashe bayan hatsarin, amma ƙarfen bai tashi ba, takardar ma ba ta faɗi ba. Masu filayen da bututun ya ratsa sun haɗu sun shigar da ƙara, suna neman a soke yarjejeniyoyin ko a tilasta wa kamfanin ya sauya bututun. Kotun tarayya ta kori ƙarar a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2017. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa takardun da aka sa wa hannu tun zamanin kakanninsu ba su ɗora wa kamfanin nauyin kula da bututun ba, sannan lafiyar bututun da ya ratsa jihohi hurumin gwamnatin tarayya ce.

Na sani ba hukumar ruwan Arkansas ce ta ba da wannan izini ba, gadonsa ta yi. Shi ya sa ma misalin ya fi ƙarfi a wurina. Ga hukuma da ta ga hatsarin da idonta, jama'a suna bayanta, amma ta kasa motsa bututu ɗaya daga bakin ruwanta saboda wata takarda da aka rubuta kafin a haifi ma'aikatanta. To ina dalilin da zai sa a bar wata hukumar ta rubuta irin wannan takarda yau da hannunta, ta bar wa na baya?

Ko gwamnatin jiha ba ta tsira ba. A 1953 jihar Michigan ta ba da izinin shimfiɗa bututun mai biyu a ƙasan mashigin Mackinac, inda tafkin Michigan ya haɗu da tafkin Huron. Shi ne Layi na 5 na kamfanin Enbridge na Kanada, mai ɗaukar ganga kusan 540,000 a rana. A 2018 ankar wani jirgin ruwa ta buge shi ta lotsa shi. A Nuwamban 2020 Gwamna Gretchen Whitmer ta sanar da soke izinin, ta ba kamfanin wata shida ya rufe. Kamfanin ya ce ba zai rufe ba. Aka shiga kotu, Kanada ta ɗauko wata yarjejeniyar 1977 tsakaninta da Amurka ta shigo cikin maganar, mai kuwa ya ci gaba da gudana. Wani bututun wannan kamfanin ne ya fashe a 2010 kusa da garin Marshall, aka yi sa'a 17 kafin a farga, mai sama da galan 800,000 ya zube ya gangara kogin Kalamazoo. Idan gwamna ta kasa karɓe abin da jiharta ta bayar, shugaban hukumar ruwan ƙaramin gari ba zai iya ba.

Akwai kuma haƙƙin mai gona, kuma shi aka fi mantawa da shi. Manomin da ya yarda bututun ruwa ya ratsa gonarsa ya san abin da ya yarda da shi. Idan ya fashe, ruwa ne zai jiƙa masa ƙasa, gobe ko jibi ta bushe. A gundumomin ruwa na karkara ma da yawa kyauta manoma suke ba da hanyar, ko a kan kuɗi kaɗan, tunda su da maƙwabtansu ne za su sha. Wanda kuma aka karɓa daga hannunsa da ƙarfin doka, an auna diyyarsa ne a kan ɓarnar da bututun ruwa zai yi. Idan daga baya hukumar ta ɗauki wannan hanya ta ba kamfanin gas haya, sai manomi ya wayi gari da abin da bai taɓa amincewa da shi ba a ƙarƙashin gonarsa, darajar filinsa ta faɗi, kuɗin hayar kuma ya shiga asusun wani. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Kundin tsarin mulkin Amurka ya halatta wa gwamnati karɓar fili don amfanin jama'a tare da biyan diyyar da ta dace. Bai ce ta karɓa da sunan ruwa ta koma dillancinsa ba.

Kotunan ƙasar sun san wannan ƙa'ida. A jihar Missouri, wata ƙungiyar samar da lantarki mai suna Sho-Me Power ta sami izinin ratsa dubban filaye da wayoyin wuta. Ta rataya wayar sadarwa a kan turakunta don aikin kanta, daga baya kuma ta fara kasuwancin sadarwa da ragowar ƙarfin wayar. Masu filaye suka kai ta kotu, kuma a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar cewa ta ƙetare iyakar izininta. Siririyar waya ce fa, wadda ba ta hana kowa noma ba. Idan wannan ya zama ƙetare iyaka, ina ga bututun gas? Sai dai an yi shekara da shekaru ana shari'a kafin a kai nan, kuma sai da dubban mutane suka haɗa kai. Manomi ɗaya ba shi da kuɗin lauyan da zai ja da kamfani da hukuma a lokaci guda. Layi biyu a cikin doka sun isa su hutar da shi wannan wahala.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 a kan birnin New London, wanda ya halatta karɓar gidajen mutane a miƙa wa 'yan kasuwa da sunan raya gari, jihohi sama da 40 sun gyara dokokinsu don rage wannan iko. A Maris na 2025 jihar South Dakota ta haramta karɓar fili da ƙarfin doka don bututun iskar kabon. Duk lokacin da aka toshe irin wannan ƙofa, hanyar hukumar ruwa tana ƙara daraja a idon kamfani. Abin da majalisa ta hana shi karɓa kai tsaye bai kamata ya same shi ta bayan fage ba.

Wani zai ce ai shugabannin hukumar ruwa sun fi kowa sanin darajar ruwansu, a bar su su yanke. Ban zarge su da mugun nufi ba. Talaucinsu nake tsoro. A 2023 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta ana buƙatar dala biliyan 625 cikin shekara 20 don gyara kayan ruwan sha na ƙasar. Masu samar wa al'umma ruwa a Amurka sun kai kusan 50,000, kuma mafi yawansu ƙanana ne, masu shayar da 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai. Shugabannin irin waɗannan sau da yawa 'yan sa-kai ne, manoma da 'yan kasuwar gari. Bututansu sun tsufa, suna yoyo, ƙara kuɗin ruwa kuma yana jawo musu baƙin jini a taron gari. Ana cikin haka sai ga kamfani ya iso da lauyoyinsa da injiniyoyinsa da cakin kuɗin da zai sauya musu injin tura ruwa ba tare da an ƙara wa kowa ko sisi ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuɗin na yau ne, hatsarin kuwa na shekara talatin ko sittin masu zuwa, lokacin da babu ko ɗaya daga cikin masu sa hannu a kan kujera. Dokar da ta ɗaure musu hannu gata ce a gare su. Shugaban zai iya duban wakilin kamfani ya ce masa ba ni da iko, kuma gaskiya ya faɗa.

Ko babu fashewa, zaman abu biyu a hanya ɗaya yana da wahalarsa, kuma injiniyoyi sun san ta. Manyan wayoyin wuta idan suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da bututun ƙarfe suna haifar da wuta a jikin ƙarfen, tana cinsa a hankali, tana kuma iya jan ma'aikacin da ya taɓa makulli. Bututun mai da na gas ana kare su daga tsatsa ne ta hanyar tura musu 'yar wutar lantarki, wannan wutar kuma tana iya ɓacewa ta bi bututun ruwan da ke kusa, ta ci shi a daidai inda take fita. Ƙarƙashin manyan wayoyi dole a riƙa sare itatuwa, wani lokaci har da fesa maganin kashe ciyawa, a dajin da aka saya musamman don itatuwansa su riƙe ƙasa su tace ruwa. Sannan a ɗauki daren da babban bututun ruwa ya fashe. Rabin gari babu ruwa, asibiti yana jira, ma'aikata sun iso da motar haƙa da fitilu, amma ba su isa su sa haƙorin motar a ƙasa ba sai wakilin kamfanin gas ya zo ya nuna inda nasa bututun yake ya tsaya a kansu, kuma idan aka matso kusa da shi da shebur za a ƙarasa tonon. An karɓi hanyar ne tun farko don a iya gyara cikin gaggawa, ga shi an sayar da gaggawar.

Ruwa kuma idan ya gurɓata babu abin da ke maye gurbinsa. A Janairun 2015 wani bututu ya fashe a ƙarƙashin kogin Yellowstone, sama da garin Glendive na jihar Montana, kogin yana daskare da ƙanƙara. Mutane suka fara jin warin mai a famfo. Da aka auna sai aka sami benzin, sinadarin nan da ke jawo sankarar jini, aka koma kawo wa mutum kusan 6,000 ruwan roba da manyan motoci. Garin mutum dubu shida ana iya shayar da shi da mota na 'yan kwanaki. Little Rock ba za ta shayu haka ba.

Masu goyon bayan haɗa hanya suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Amurka tana buƙatar sababbin manyan layukan wuta don kai lantarkin iska da na rana daga inda ake samunsa zuwa birane, samun izini kuma yana cin shekaru. Layin SunZia da ya taso daga New Mexico zuwa Arizona an fara shirinsa a 2006, amma sai 2023 aka fara gini. Kowace sabuwar hanya da aka buɗe, sabon daji ne aka sare, sababbin manoma aka taɓa. Bin tsohuwar hanya ya fi sauƙi ga ƙasa da mutanenta. Jihar Wisconsin ta yi doka tun 2003 da ta wajabta a fara duba hanyoyin da ake da su kafin a buɗe sabuwa, Minnesota kuma a 2024 ta buɗe gefen manyan titunanta ga layukan wuta. Na yarda da wannan tunani, ina ma so sauran jihohi su ɗauka. Amma gefen babban titi daban, bakin tafkin ruwan sha daban. Akwai dubban kilomitoci na titi da layin dogo da tsofaffin layukan wuta da ba a taɓa ba tukuna. A ƙare da su kafin a zo bakin ruwa.

Haka kuma ba kowane aikin makamashi ne abokin gabar ruwa ba, kuma dokar da ta yi musu kuɗin goro ba za ta daɗe ba. Tun 2012 jihar Gujarat ta Indiya ta fara rufe magudanar ruwan Narmada da farantan sola. A California hukumar ban ruwa ta Turlock ta yi irin wannan gwaji da tallafin dala miliyan 20 daga jihar. A New Jersey an ɗora farantai masu ba da megawat 8.9 suna iyo a kan tafkin Canoe Brook. Inuwar farantan tana rage ƙafewar ruwa, wutar kuma tana iya tuƙa injinan hukumar, kuma ranar da abin ya lalace ko aka ga illarsa, kwance shi za a yi a ɗora a mota. Tambayoyi biyu ne nake ganin ya kamata doka ta auna kowane aiki da su: idan ya lalace me zai shiga cikin ruwan, sannan ana iya cire shi? Faranti ya tsallake duka biyun. Bututun ɗanyen mai ya faɗi duka biyun. Layin wuta yana tsakiya, don haka a duba kowanne a kan kansa.

Jihar Connecticut ta daɗe da nuna yadda ake yi. Tun shekarun 1970 ta raba filayen kamfanonin ruwa gida uku, gwargwadon kusancinsu da ruwan sha. Waɗanda suke bakin tafki da rafuka da waɗanda ruwansu ke gangarawa can, kamfani ba zai sayar da su ko ya sauya amfaninsu ba sai da izinin ma'aikatar lafiya ta jihar. Ma'aikatar lafiya aka zaɓa, kuma wannan zaɓi ya burge ni, domin ita ba ta da riba a cinikin. A 2015 kamfanin Kinder Morgan ya zo da shirin ratsa filin hukumar ruwan yankin Hartford da sabon bututun gas, ta wajen tafkunan West Hartford. Maganar ba ta ƙare a ofis ba, ta fito taron jama'a, mutane suka cika zaure. A 2016 kamfanin ya janye babban aikin gaba ɗaya, ya ce bai sami isassun masu sayen gas ɗin ba. Ba zan ce dokar ce ta kashe aikin ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, aikin da aka ce ya zama dole har za a tona dajin tafki dominsa, cikin shekara guda ya mutu don babu kasuwa. Da an yi gaggawar ba da hanyar a 2015, da takardar tana nan a hannun kamfanin har yau.

Dole kuma dokar ta fito daga majalisar jiha. Birnin Memphis na jihar Tennessee ruwan ƙarƙashin ƙasa yake sha. Kamfanonin Plains All American da Valero suka shirya bututun ɗanyen mai da ake kira Byhalia, wanda zai bi ta Boxtown, unguwar baƙar fata da 'yantattun bayi suka kafa, ya kuma ratsa filin rijiyoyin Davis na hukumar ruwan birnin. Mutanen unguwannin suka tashi tsaye, cikin jagororinsu har da Justin Pearson wanda daga baya ya zama ɗan majalisar jiha, kuma a Yulin 2021 aka fasa aikin. Birnin da gundumarsa suka kafa ƙa'idojin kariya. Shekara na zagayowa, a 2022, majalisar jihar ta yi dokar da ta rage ikon ƙananan hukumomi na hana irin waɗannan ayyuka. Wato majalisar jiha ita kanta tana iya zama matsalar, na ga wannan. Amma tunda a can ikon yake, a can ya kamata a yi faɗan.

Ita ma dokar jiha tana da iyaka. A 2021 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa kamfanin PennEast, tunda yana da lasisin tarayya na bututun gas, yana iya karɓar ko filin gwamnatin New Jersey da ƙarfin doka. Don haka akwai bututun da jiha ba za ta iya tarewa ba. Duk da haka wanda ya bi ta wannan ƙofa sai ya tsaya gaban hukumar tarayya da kotu a bainar jama'a, ya kare hanyar da ya zaɓa, ya biya abin da alƙali ya yanke. Zaɓen hanyar bututun mai da ta mafi yawan layukan wuta kuwa har yanzu a hannun jihohi yake. Shi kansa PennEast, wata uku bayan ya ci shari'ar ya haƙura da aikin, domin bai sami izinin kare ingancin ruwa daga New Jersey ba.

A Najeriya abin ya fi haka sauƙi ga mai neman fili, kuma wannan ne yake damuna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filin jiha a hannun gwamna, ta kuma ambaci bututun mai a cikin dalilan da ake iya ƙwace fili, hukumar ruwa kuwa a ƙarƙashin gwamnan take. Mun san abin da mai yake yi wa rijiya: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya sami benzin a ruwan shan Nisisioken Ogale sama da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, kusa da wani bututun mai. Yanzu ga bututun gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ga kuma Dokar Lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu. Filayen da ke kewaye da madatsu irin su Tiga da Challawa da hanyoyin manyan bututun ruwa za su sami masu nema. Majalisun jihohinmu su rubuta ƙa'idar tun masu neman ba su iso ba.

Abin da nake so a gani a irin wannan doka, a can ko a nan, ba shi da yawa. Ɗanyen mai da tatacce a hana su kusantar tafkin ruwan sha da filin rijiyoyi kwata-kwata, ba tare da ƙofar roƙo ba. Sauran ayyuka su bi ta ma'aikatar lafiya bayan an saurari jama'a, kamfani kuma ya ajiye kuɗin jingina da zai isa a shayar da gari idan abu ya ɓaci. Inda hanyar ta ratsa gonar mutum, a koma wurinsa a nemi sabon izini a biya shi sabuwar diyya. Amma da za a ce in zaɓi sharaɗi ɗaya tak, ranar ƙarewa zan zaɓa. Kada hukumar ruwa ta sa hannu a kan takardar da ba ta da wa'adi.

Layi na 5 ɗin da ya gagari gwamnar Michigan ya ratsa ƙasar ƙabilar Bad River, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, a arewacin Wisconsin. A can izinin wasu filayen yana da wa'adi. Ya ƙare a 2013, ƙabilar ta ƙi sabuntawa, ta shigar da ƙara a 2019. A Yunin 2023 alƙalin tarayya William Conley ya umarci kamfanin ya biya sama da dala miliyan 5, ya kuma daina tura mai ta waɗannan filaye cikin shekara uku. Ɓangarorin biyu duk sun ɗaukaka ƙara, ƙabilar tana ganin wa'adin ya yi tsawo. Amma tun 2020 kamfanin ya shiga neman izinin sabuwar hanya mai kusan kilomita 66 da za ta zagaye ƙasar ƙabilar.